Sai Ta Ɗan Murmure

Kiyashi ne ya fara tona asirin gidan Baballe. Da safe in ya zaga makewayi sai ya tarar sun yi cincirindo a kan dutsen da matarsa Kubra take tsugunawa, sun ja layi har bakin rariya. Ya zuba toka, washegari suka dawo. Ya zuba kananzir, suka yi kwana biyu suka dawo da danginsu. Bai gaya wa kowa ba, ita ma ba ta ce uffan ba, amma ya lura ta fara riga kowa tashi tana kwarara ruwa a wurin, kuma in suka haɗa ido sai ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da hannu a tukunyar miya.

A ƙauyensu, can bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, abu biyu aka san Baballe da su. Na farko turkar sa. Tun da aka kawo ruwan noman rani kowa ya samu abin yi, tumatir ne, albasa ce, alkama ce, amma ba kowa ne zai sayo ƙwarangwal ɗin sa a kasuwa ya ɗaure a turke, bayan wata huɗu ya kwance shi tozo na rawa ba. Baballe ya iya. Ya san yawan dusar da zai zuba, ya san ranar da zai ƙara harawa, ya san lokacin kanwa. Na biyu kuwa matarsa. Kubra cikakkiyar mace ce, wuya ya yi ninki uku, in ta zauna a tabarma sai ta cika ta. In an yi biki mata kan nuna ta su ce, ga matar da ta yi dacen miji. Maganar takan zago ta iso masa a zaure, kuma gaskiyar magana ta fi yi masa daɗi a kan a yaba gonarsa.

To, a rani na biyu bayan canjin kuɗi, Kubra ta fara shan ruwa kamar ramin da ba ya cika. Ta sha moɗa uku a tsaye, kafin ta koma ɗaki ta juya makewayi. Da abin ya ƙi ƙarewa, ya goya ta a babur ya kai ta ɗan ƙaramin asibitin da ke Kura, wurin Malam Sammani mai duba marasa lafiya.

Malam Sammani ya karɓi fitsarinta a 'yar kwalba, ya ɗiga a cikin wani ruwa shuɗi, ya kara a wuta. Suna kallo ruwan ya koma kore, ya koma ruwan ɗorawa, ya tsaya a ja kamar jar ƙasa.

"Ciwon suga ne," in ji shi. "Shekarunta nawa?"

"Talatin da uku ko da huɗu."

"Ga ƙwaya, safe da yamma. Ta bar suga da zuma da rake, ta rage tuwo. Sannan ta rage wannan jikin."

Baballe ya gyara zama. "Ta rage me, Malam?"

"Ƙiba. Ita ce ke jawo shi galibi."

"Malam, jikin nan fa shekara goma sha biyar ina tara shi."

Malam Sammani ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Ba wasa Baballe yake yi ba. Duk da haka ya karɓi ƙwayar, kuma ta yi aiki. Damina ta shigo ta fita Kubra na lafiya, kiyashi suka nemi wani gidan. Ta ɗan faɗa kaɗan, ba yadda za a lura ba.

Da kaka ƙishin ya dawo, kuma wannan karon bai zo shi kaɗai ba. Naman jikinta ya fara zubewa kamar ana ɗiba da ludayi. Awarwaronta da a da sai an shafa sabulu yake fita, yanzu da kansa yake sulalewa ya faɗa cikin kwanon wanke-wanke. Aka ninka ƙwayar, ba ta yi komai ba. Lokacin da tumatir ya fara nuna suka koma wurin Malam Sammani, ya ɗora ta a sikeli, ya duba, ya sake dubawa. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Ba irin wanda na zata ba ne," ya ce. "Suga kala biyu ne. Akwai na ƙiba da tsufa, shi ƙwaya tana riƙe shi. Akwai kuma wanda jiki ne da kansa yake kashe abin da ke sarrafa suga a cikinsa, kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Yara ya fi kamawa, amma yana kama manya, ya zo a hankali ka ɗauka na farkon ne. In ya kai nan, ƙwaya ta gama aikinta. Sai allura, kullum."

"Har yaushe?"

"Har ƙarshen rai. Amma da ita mutum zai yi aikinsa, ya aurar da 'ya'yansa, ya tsufa. Ni ba ni da ita a nan, kuma sai an kwantar da ita an auna yawan da zai yi mata." Ya yagi takarda ya yi rubutu, ya buga hatimi. "Babban asibiti a birni. Kada ka bari ta wuce mako guda."

A yi wa Baballe adalci: ya yi niyya. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce jibi za su tafi. Washegari ya fita bakin titi inda ake lodin tumatir, an jera kwanduna ana jiran manyan motocin Kudu. Nan ya tarar da Maharazu, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, mai a-kori-kurar da ke kwaso kaya daga gonaki. Matar Maharazu ta shiga gidan Baballe ɗiban wuta kwana biyu kafin nan, ta kuma koma gida da labari.

"Ga mai turka nan," in ji Maharazu, yana ɗaga murya don kowa ya ji. "Taubashi, an ce abincin gidan gaba ɗaya ka haɗa ka juye wa san. Shi yana tafe da ƙyar don ƙiba, matar gida kuwa an ce iska na neman ɗauke ta. Ko dai ka musanya musu kwano ne?"

Aka kwashe da dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, kuma Baballe ya yi tasa dariyar ya mayar da martani. Sai wani dattijo mai awon kwanduna ya dube shi, shi kuma ba da wasa ba, ya ce, "Ko dai bana abin bai yi ba ne, Baballe? In da matsi ka faɗa, ai 'yan uwa ne."

Wannan ita ce ta shige shi. Duk yinin nan yana ɗaga kwando yana ganin tafiyar gobe a idonsa. Zai fito da ita ta tsakiyar gari. Za su zauna a kan benci a tashar Kura suna jiran mota ta cika, inda mutanen Dawakin Kudu, garin iyayenta, suke wucewa kullum. Kowa zai ga wuyan nan da ya koma kamar na gauraka, kowa zai ga ƙashin kafaɗa ya ɗago mayafi. Ba wanda zai ce suga. Cewa za a yi Baballe ya kasa.

Da ya koma gida ya tarar Kubra ta wanke zanen fita ta shanya.

"Malam, da sassafe za mu tafi ko sai hantsi?" ta ce.

Ya tsaya yana kwance igiyar babur, bai dube ta ba. "Ba goben ba ne. Sai kin ɗan murmure. Ba zan fita da ke a haka ba."

"Ai don na murmure za mu je."

"Na ce sai kin ɗan murmure. Mako biyu, uku. Ki ɗan mayar da jiki, sai mu je su yi allurarsu."

Mahaifiyarsa, Iya Kulu, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Ya yi gaskiya. Ciwon da ke ramar da mutum ai abinci ne maganinsa. Tun da suka hana ki tuwo kika lalace. Yo wa ya taɓa warkewa da yunwa? Kuma allura kullum, sai ka ce dabbar gwamnati."

Kubra ta dubi zanen da ke ɗiga ruwa a kan igiya, ta ce, "To."

Daga ranar Baballe ya shiga aikin da ya fi ƙwarewa a kai. Abin haushin ke nan: da rowa ya yi mata, da an san sunan da za a kira laifinsa. Shi kuwa hidima ya yi, hidimar da ba mijin da ya taɓa yi a ƙauyen. Da safe kunun gyaɗa mai kauri da madarar gwangwani da suga cokali huɗu. Da hantsi fura da kindirmo, a kwarara zuma. Da rana shinkafa 'yar gida da man shanu. Da la'asar rake, shi da kansa yake feraye mata ya yayyanka. In ya je Bunkure ranar kasuwa ya dawo da dabino da alewa da lemon kwalba. Ƙwayar Malam Sammani kuwa Iya ta zuba a masai, ta ce ita ke tsotse yarinyar.

Kuma Kubra tana ci. Ciwon ne yake sa ta yunwa, yunwar da ba ta jin magana. Takan cinye kwano ta siɗe, sannan ta ɗago ta ga yaranta uku suna kallonta, kunya ta rufe ta. Baballe kuwa wannan cin shi ne hujjarsa. "Ga shi tana ci," yakan ce wa Iya. "Wanda ke ci ai ba ya mutuwa." Kowace Juma'a yakan kama damtsenta ya matsa, yadda yake matsa cinyar sa, ya ji ko nama ya fara zama. Kowace Juma'a yatsunsa suna ƙara haɗuwa.

Asta, Bafulatanar da ke kawo kindirmo daga rugar da ke bayan kanal, ita ce ta fara faɗa masa gaskiya. Ta fito daga ɗakin Kubra da ƙwaryarta, ta same shi a gindin turke yana dama wa sa dusa.

"Baballe, kai fa ka san dabba," ta ce. "Saniyar da take ci tana ramewa, dusa ake ƙara mata ko mai magani ake kira?"

Ya ci gaba da damawa.

"Bara da san nan naka na wancan karon ya ƙi tuƙa, ina nan ka hau babur da rana tsaka ka ɗauko malamin dabbobi daga Kura. Ko inuwa ba ka jira ba."

"Nono kika kawo ko wa'azi?"

"Nono na kawo. Amma ina jin tsoron abin da nonona yake yi a ɗakin can."

Maganar ta sosa shi inda yake ciwo, don ya san gaskiya ce, kuma ya san ya sani. Maimakon ya ɗauko takarda, sai ya ce daga yau a zaure za a riƙa karɓar nonon. Matar Maharazu ma aka ce mata Kubra na barci, aka sake ce mata tana barci, har ta gane ta daina zuwa. Gidan ya koma ba mai shiga sai iska.

Mako ukun ya zama wata guda, ya zama biyu. Uzuri kuwa bai taɓa ƙare wa Baballe ba. Yau ranar ban ruwansa ce, in ya bari ruwan ya wuce sai wani makon. Gobe motocin Kudu sun iso, tumatir ba ya jira. Jibi ya ga kamar kumatunta ya ɗan ciko, a ƙara mata kwana bakwai. Kubra ta fara ganin dishi-dishi, ba ta iya zura zare a allura. Marurai suka fito mata a cinya suka ƙi warkewa. Wani ƙaiƙayi ya kama ta a inda ba ta iya faɗa ko ga Iya, sai dai ta zauna tana cije leɓe. Fitsari ya daina ba ta lokacin isa makewayi. Ranar da ta fara jiƙa tabarma aka kwashe yaran zuwa ɗakin Iya, ita kuma ta ja jiki ta wanke tabarmar ta shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani.

Ana cikin haka sai ga yayanta Dalhatu, malamin makaranta a Dawakin Kudu, ya yi sallama a ƙofar gida wata Asabar da hantsi. Ya ce ya kawo jarrabawa Kura, ya ga bai kamata ya wuce bai ga ƙanwarsa ba.

Baballe ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya kawo ruwa, ya ce bari ya sanar. Ya shiga ciki. Ba shi ya ce a yi ba, amma yana tsaye a bakin ƙofa aka yi, kuma bai ce a bari ba. Iya ta buɗe adaka ta fito da zannuwa. Ta naɗa wa Kubra ɗaya a ƙirji, biyu a ƙugu, ta ninka ɗaya ta ɗora a kafaɗu, ta zura mata babbar riga a kai, ta rufa mata mayafi mai kauri har goshi. Aka zaunar da ita a ƙuryar gado, aka saki labulen taga.

Dalhatu ya shigo yana lalube da ido, don daga rana ya fito.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya su Inna?"

"Suna gaishe ki. Ke kuma lafiya kike zaune a duhu?"

"Ciwon ido ne, ba na son haske."

"Muryarki ma ta sauya."

"Mura ce, Yaya. Ta kusa tafiya."

Dalhatu ya dubi tulin da ke kan gado, ya yi murmushi. "To, jiki dai yana nan, alhamdu lillahi. Inna ta ce ta yi mafarkin kin rame, na ce mata a gidan Baballe? Sai dai a wani gidan."

Baballe yana tsaye a bakin ƙofa. Kalma ɗaya za ta faɗa. In ta ce Yaya ɗaga labulen nan, shi ke nan, da yammar ranar tana birni. Ya ga ta buɗe baki, ya ga ta dube shi, ya ga ta mayar da bakin ta rufe. Ta ce, "Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Malam ba ya rage ni da komai."

Da ya raka Dalhatu ya dawo, ya tarar ta zame ta kwanta, zannuwan sun jiƙe da gumi.

"Malam," ta ce, "na rufa maka asiri. Kai ma ka rufa mini, ka kai ni."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma kunya iri biyu ce ke cinsa, ta cikin ɗaki da ta bakin titi, kuma har yanzu ta bakin titin ta fi ƙarfi. Ya ce, "Saura ɗiba biyu tumatir ya ƙare. Da an gama, wallahi."

Ba ta sake roƙonsa ba. Abin da ta koma yi ya fi roƙon ciwo. In ya kawo fura ta sha ta amayar, sai ta share baki ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam, ina ci. Wallahi ina ci, jikin ne ya ƙi." Ita ke ba shi haƙuri. Shi kuma ya karɓi kwanon ya fita, ya tsaya a tsakar gida ya rasa inda zai ajiye shi.

Mako uku bayan zuwan Dalhatu, ranar wata Alhamis da zafin bazara ya kai inda ya kai, yana gona yana buɗe wa fangali ruwa sai ya hango Iya tafe a kan gaɓar kanal, ba takalmi. Iya ba ta taɓa zuwa gonar nan ba. Ya yar da fartanya.

Kubra na kwance ido a rufe, tana jan numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, bakinta na wani wari kamar na mangwaron da ya fara ruɓewa. Ya kira ta, ba ta amsa ba. Ya aika aka kira Maharazu da motarsa. Kafin motar ta iso ya ɗauko bargo, a cikin wannan zafin, ya naɗe ta tun daga kai har ƙafa. Ya sa ta a kujerar gaba a jikin Iya, shi ya maƙale a gefe.

Da suka doshi Kura ya ce, "Taubashi, bi ta bayan gari. Tasha cike take da mutane."

Maharazu ya juyo zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan hannun da ya zamo daga cikin bargon, ƙashi da fata, yatsu kamar tsinken tsintsiya. Ya mayar da ido kan hanya. Ya danna ƙaho ya ratsa ta tsakiyar tasha, kuma har suka shiga birni bai sake duban Baballe ba.

A babban asibiti ma'aikatan jinya suka karɓe ta, suka yaye bargon suka jefar gefe, suka ɗaura mata ruwa a hannu biyu. Likita, wani mai furfura a gemu, ya karɓi takardar Malam Sammani da ta yi laushi don gumin aljihu. Ya karanta, ya dubi kwanan watan da ke sama, ya ɗago.

"An rubuta wannan wata uku da suka wuce. Ina kuka tsaya?"

Baballe ya dubi bargon da aka jefar gefe.

"Me take ci a wata ukun nan?"

Ya fara lissafawa. Kunun gyaɗa da madara da suga. Fura da zuma. Rake. Dabino. Lemon kwalba. Ya fara da muryar mai faɗin abin kirkin da ya yi, don har a lokacin wani ɓangare na zuciyarsa yana jiran a ce ya yi ƙoƙari. Yana faɗa yana ganin fuskar likitan, muryar tana ƙanƙancewa, har ta ƙare a kan alewa.

"Wa ya ba ta?"

"Ni ne. Don ta ɗan murmure kafin na kawo ta."

Likitan ya cire tabarau ya murza ido. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Bawan Allah, abincin nan ba ya shiga jikinta, a jini yake tsayawa ya zama guba. Allurar ita ce ke buɗe masa hanya. Da ka kawo ta ranar da aka ba ka takardar nan, jikin da kake nema da kansa zai dawo cikin wata biyu. Za mu yi iya yinmu. Ka yi addu'a."

Sun yi iya yinsu. Washegari da hantsi, ba tare da ta farfaɗo ba, Kubra ta cika.

Maharazu ne ya mayar da su gida. Aka aika Dawakin Kudu. Iya da wata tsohuwa ɗaya suka yi wankan, Iya ta hana kowa shiga. Dalhatu da mutanensa suka iso ana gab da sallah, bayan an gama suturta ta an ɗora a makara an rufe da tabarma. Aka yi sallah a ƙofar gida. Da liman ya yi sallama, maza suka matso ɗauka. Dalhatu ya kama gaba ta dama, Baballe ya kama ta hagu. Dalhatu ya gyara tsayuwa, ya tattara ƙarfi yadda mutum zai yi in zai ɗaga buhun shinkafa, don ƙanwar da ya sani ke nan. Makarar ta tashi sama da sauri har ya yi taga-taga.

Suka yi taku goma. Sannan Dalhatu, ba tare da ya juyo ba, ya ce a hankali yadda su biyu kawai za su ji, "Mako uku da suka wuce na gan ta da jikinta."

Baballe ya ce, "Zannuwa ne, Yaya. Guda huɗu."

Suka ƙara taku. Wasu suka matso za su karɓe su, Dalhatu ya girgiza kai ya ƙi saki. Har bakin kabari shi ya riƙe, yana jin rashin nauyin a kafaɗarsa. Bayan an rufe an yi addu'a, mutane sun fara juyawa, ya tsaya kusa da Baballe yana kakkaɓe ƙasa daga hannunsa.

"Ina zaune a gabanta, ta zaɓi ta rufa maka asiri," ya ce. "Ba ni zan tona abin da ta rufe ba. Inna ma ba za ta ji daga bakina ba. Ka riƙe abinka, kai kaɗai."

Haka kuwa aka yi. Mutuncin da Baballe ya tsare bai ko ƙwarzane ba. Maharazu ya kama bakinsa, Asta ta sauya hanya, Iya ta ce kwana ne ya ƙare. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka yi ta zuwa daga Kura da Bunkure da rugage, sahu-sahu. A rana ta uku dattijon nan mai awon kwanduna ya zo, ya durƙusa da ƙyar, ya kama hannun Baballe da hannu biyu.

"Allah ya ji ƙanta, ya ba ka haƙuri," ya ce, kuma har zuciyarsa yake faɗa. "Kai dai ka fita haƙƙinta. Mun ga madara, mun ga zuma, mun ga rake kullum ana shiga da shi. Duk garin nan shaida ne, baiwar Allah nan ba ta taɓa kwana da yunwa a gidanka ba."

Mutanen da ke kan tabarma suka ce haka ne, haka ne. Suka yi shiru suna jiran mai gida ya amsa. Baballe ya buɗe baki zai ce amin, ya kasa.